Jan Farce a Kan Ƙusoshi

A ƙofar shagona da ke bakin gudron, wato titin kwalta, a Tasawa, kusa da inda motocin Maraɗi ke lodi, akwai allon kwano da aka rubuta da shuɗin fenti: buga takardu, fotokopi, hoton kati. A ƙasan waɗannan akwai wani layi da aka shafe da farin fenti. In rana ta karkata ta haska allon ta gefe, mai ido zai iya karanta abin da ke ƙarƙashi: ana sa wa ordinata sistem. Ni na sa aka rubuta layin, ni kuma na sa aka shafe shi, kuma tsakanin rubutawar da shafewar ko damina ɗaya ba ta ƙare ba.

Ba wanda ya koya mini sa sistem, wato zuba wa kwamfuta babbar manhajar da take tashi da ita. A Maraɗi buga takardu kawai aka koya mana. Sauran a kan tsohuwar ordinatar shagon na koya, wadda kowane wata sai ta ɗauko ƙwayar cuta daga kle ɗin mutane. Kle shi ne ɗan abin nan da ake zuba takardu a ciki a cusa a gefen ordinata, kuma a garinmu ba kle ɗin da ba ya ɗauke da ciwo. Na gaji da ɗaukar inji a mota zuwa Maraɗi, sai na zauna na yi ta kallon bidiyo a waya, ina gogewa ina sawa, ina ɓatawa ina sakewa, har hannuna ya faɗa. Na yi wa wata ma'aikaciyar asibiti, na yi wa ƙanen mijina, duk suka tashi lafiya. Daga nan na kira mai fenti. Da yake rubuta layin sai da ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Madam, ke da kanki za ki riƙa yi, ko wani za ki ɗauko?" Na ce masa ya rubuta abin da aka sa shi.

Na san garin. Mace mai buga takardu ba ta dami kowa ba, aikin yatsu ne, kamar tsintar wake. Amma mace ta ce za ta shiga cikin kan inji ta goge ta sake zubawa, wannan sai an gani. Ba wanda ya hana ni, kowa dai ya zuba ido yana jiran ranar da wata za ta mutu a hannuna.

A tsallaken gudron, ƙarƙashin bishiyar bedi, akwai tebur ɗin taubashina. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana da ke aure a Korgom, kuma gyaran waya yake yi. Tare muka tashi. Da uwata ta yi doguwar jinya ina ƙarama, wajen gwaggon aka kai ni, kwano ɗaya muka ci da shi, tabarma ɗaya muka yi wa fitsari. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka a al'ada ni ce uwar ɗaki, shi ne bawa. Ban taɓa gaishe shi da ladabi ba ko sau ɗaya, shi ma haka. In na hango shi sai in ce, "Bawa, yau ma ba ka yi wanka ba?" Shi kuma ya ce, "Marowaciya, Allah shi kawo ranar da za ki ba mutum ruwa bai roƙa ba." In watan Cika-ciki ya kama, sai ya zo karɓar shara, wato ɗan abin da 'ya'yan namiji ke ba 'ya'yan mace kowace shekara. Ni kuma sai in ja masa rai, shi kuma ya sace mini wani abu ya riƙe sai na fanshe shi. Ya taɓa ɗauke mini takalmi ƙafa ɗaya a gidan biki, ya taɓa tafiya da murfin tukunyata miya na kan wuta. Ba a fushi da wannan. Wanda ya yi fushi da taubashi shi ake yi wa dariya. Kuma gaskiya ina son sa. In na rufe shago na je salla, shi nake bar wa makulli.

A wannan shekarar Cika-ciki ya faɗo cikin damina, gero ya kai gwiwa. Wata safiya wani direktan lakwal, wato shugaban makaranta, daga wajen garin Sarkin Hausa ya sauka a kan babur, wandonsa duk laka, ya ciro ordinata daga cikin leda biyu. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai magana a hankali kamar yana ba 'yan aji dikte. Ya ce ta yi nauyi, in ya kunna ta sai ya gama shan shayi kafin ta buɗe. Ma'aikaciyar asibitin nan ce ta ba shi labarina. Ya ce in na yi masa aiki mai kyau, abokan aikinsa na can suna jira, kowa da tasa matsalar, ranar kasuwa zai zo da su.

Kafin ya miƙo mini, sai ya kifa ta ya nuna mini bayanta. A kan kowace ƙusa akwai ɗigon jan farce, ja wur. Ban yi mamaki ba, mutanenmu da yawa haka suke yi. Wanda aka taɓa sauya wa kayan ciki a wajen gyara, sai ya sa matarsa ta ɗiga jan farce a kan ƙusoshi, in an kwance dole fentin ya fashe.

"Madam," ya ce, "an taɓa cuta ta. Na kai ta gyara wani wuri, ta dawo ba yadda ta tahi ba. Ki yi aikinki ta sama. Kar a buɗe ta sai ina nan."

Na ce masa sa sistem ba ya bukatar a taɓa ƙusa ko ɗaya. Na kunna ta a gabansa. Ta tashi, da nauyi dai kamar yadda ya faɗa, amma ta tashi, hoton jikokinsa ya fito a ekran. Ya hau babur ya tafi. Na zauna na kwashe takardunsa da hotunansa duka na zuba a wajena, don in an goge komai kar ya rasa ko ɗaya.

Ina cikin haka taubashina ya tsallako, yana kaɗa tsintsiya a ƙofar shago kamar mai shara da gaske.

"Uwar ɗakina, wata ya kama. Ga bawanki ya share. A sallame ni."

"Wannan sharar? Ko kaza ta hi ka. Dawo gobe."

"Kullum gobe. To ki riƙe kayanki da kyau."

Haka muke yi kowace shekara, kalma da kalma. Da azahar ta yi na kashe ordinatar, na bar masa makulli, na tafi gida na yi salla na ci abinci. Da na dawo yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa, ya jefo mini makullin ya koma tebur ɗinsa.

Na cusa kle ɗin sistem, na kunna, na yi ta danna F12 har jerin wuraren tashi ya fito. Na zaɓi kle. Komai ya tafi daidai, ta tambayi harshe na ba ta Faransanci, ta tambayi ko in ci gaba na ce eh. Sai aka zo shafin da ake zaɓar diski, wato rumbun da ke cikinta inda sistem zai zauna. Shafin fari fat. Ƙasa an rubuta ba ta ga wurin da za ta zuba ba.

Ban tsorata ba tukuna. Na zare kle na sake kunna ta, don in koma tsohon sistem ɗin in duba. Sai baƙin ekran, da ɗan rubutun Ingilishi a kusurwa mai cewa ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Injin da ya tashi da safe a gaban mai shi, yanzu ko hoton jikokin babu. A nan ne gumi ya fara tsattsafo mini a ƙarƙashin ɗankwali.

Na shiga Biyos, ɗakin saitin da ake shiga da F2 kafin sistem ya farka. Na sauya jerin tashi, na kai diski gaba na mayar da kle baya, na sake juyawa. Na kashe makullin tsaron da ke hana ta karɓar baƙon sistem. Na mayar da ita tsohuwar hanyar tashi, na dawo da ita sabuwa. Na sauya yadda take magana da diski daga wannan saiti zuwa wancan. Na mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Kowane sauyi sai in kunna in riƙe numfashi, kowane sauyi sai baƙin ekran ɗin nan. Washegari na ce ko kle ɗina ne ya lalace, na goge shi na sake haɗa shi, na gwada a ordinatar shago ya yi aiki lafiya lau. Na sauke wani sistem ɗin daban, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a tsakiya, na sake daga farko. Na cire batir na danne maɓallin kunnawa kamar yadda na gani a bidiyo. Masu son fotokopi suna zuwa ina sallamar su da rabin hankali, har na buga wa wani mutum takardar neman aiki da sunan garinsa a juye.

A shafin farko na Biyos akwai wurin da ake rubuta sunan diskin da ke ciki. Wurin babu komai. Hankalina ya ba ni abu biyu: ko diskin ya mutu, ko ya goce daga mazauninsa saboda girgizar babur. Duka biyun sai an buɗe ake sani. Murfin wurin ƙarami ne, ƙusa biyu kawai ke riƙe da shi, ga turnabis na kwance su a aljihun tebur. Na ɗauki injin na juya, na dubi ɗigon jan farcen, na ajiye.

Na kira direkta. Sai da na yi ta nema kafin na same shi, can garinsu sai an hau tudu waya ke shiga. Na faɗa masa gaskiya, na roƙi izinin buɗe murfi ɗaya. Sai ya ce, "Madam, da ƙahwarta ta shigo shagonki. Kar ki taɓa ƙusa. Ina zuwa ran kasuwa."

Duk kwanakin nan taubashina yana tare da ni. Da ya ga ba kowa a tebur ɗinsa sai ya tsallako da butar shayinsa ya zauna a bencina. Shi ne ya ce in gwada wata kafar kle. Shi ne ya ce irin waɗannan injinan suna ɓoye diski a Biyos, sai an nemo musu wani ɗan fayil na musamman, na kwashe yini guda ina neman fayil ɗin. Da na ce ina ganin diskin ne ya goce, ya girgiza kai ya ce, "Kar ki soma. Kika fasa jan farcen nan, sunanki ɓarauniya har Mayahi." Na ga gaskiyarsa. Wata rana da yamma ya tarar na kifa kai a kan tebur, ya zuba mini shayi ya ce, "Sha, marowaciya. Inji ne, ba mutum ba." Na ji daɗin maganar har cikin raina. Na ce a zuciyata, duk garin nan shi kaɗai ne ba ya jiran faɗuwata.

Ranar kasuwa direkta ya zo, kuma bai zo shi kaɗai ba. Malamai biyu na biye da shi, kowanne da jaka a kafaɗa. Tun kafin in buɗe baki na san abin da ke cikin jakunkunan. Na kunna masa ya ga baƙin ekran da idonsa. Na yi masa bayanin duk abin da na gwada, na ce takardunsa suna nan ban rasa ko ɗaya ba, na ce yanzu da yake yana nan a buɗe a gabansa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya juya ya dubi abokansa ya ce, "Ku yi haƙuri, ni na ɗauko ku." Ranar kasuwa ce, ƙofar shago cike da masu jiran mota. Mai fentin nan ma yana wurin.

Na ɗauko turnabis. Sai taubashina ya shigo tsakani, ya dafa injin da tafin hannu.

"Mushe direkta, a dakata. Kar a buɗe. Ku ba ni ita zuwa la'asar, in ban tashe ta ba ku yi yadda kuka so. 'Yar'uwata ce, ba ni bari ta ji kunya."

Direkta ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa. Taubashina ya karɓi kle ɗina, ya rungumi injin, bai tsaya a tebur ɗinsa ba, ya ce hayaniya ta yi yawa, ya shige ɗakin da yake haya a bayan tasha. Malaman suka tafi cin kasuwa. Ni na zauna ina kallon gudron.

Ana kiran la'asar ya dawo. Ya ajiye ta a kan teburina ya danna maɓalli, ta tashi fes da sabon sistem, cikin Faransanci. Direkta ya kifa ta ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, kowace da jan ɗigonta. Na tuna a lokacin wani ɗan wari ya bugi hancina, irin na ɗakin amarya ranar ƙunshi, amma ban tsaya a kansa ba, hawaye ne cike da idona. Na zuba wa direkta takardunsa, ya yi mini godiya a taƙaice. Malaman biyu suka tsallaka gudron da jakunkunansu.

A daren ranar kasuwar ban iya cin abinci ba, amma washegari na sa aka yanka zakara, na soya shi da kaina, na aika wa taubashina a kwanon da nake ji da shi. Na ce a faɗa masa ga shararsa, bana ya ci halak ɗinsa. Da na tambaye shi me ya yi wa injin, sai ya yi dariya ya ce, "Sirrin bayi ne, ba a faɗa ma iyayen ɗaki."

Labari ba ya wuyar zagaya Tasawa. Ba wanda ya ce na yi sata, ba wanda ya zage ni. Cewa kawai aka yi, ta iya buga takarda, amma in ordinata ce a kai wa ɗan'uwanta na gindin bedi. Ma'aikaciyar asibitin da ta yi mini talla, da tata ta sake rikicewa, ina zaune na ga ta wuce ta tsallaka. Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne ni ma na yarda. Na yi ta komawa kan abin a kaina, ina cewa akwai wani saiti da ban sani ba, wanda mai gyaran waya ya sani. Wani yaron makaranta ya kawo tasa na ce masa ba na yi. Kafin a yanke gero na kira mai fenti. Ya shafe layin, ya wanke burushinsa a bakin kwata. A tebur ɗin gindin bedi kuwa aka kafa sabon allo.

Bayan kaka aka yi suna a gidan gwaggo a Korgom, ƙanwar taubashina ce ta haihu. Muka tafi da babana a kan babur biyu, rairayi na kama taya. Bayan an ci an sha, da hantsi, dangi suka taru a inuwar zaure da tsakar gida, maza a kan tabarmi, mu mata muna daga gefe muna gyaran kwanuka. Aka shiga ba da labarin taubasai, wa ya yi wa wa me a Cika-cikin bana. Wani ya ce ya ɓoye wa nasa jaki. Wata ta ce ta zuba wa nata gishiri a fura. Sai na ji muryar taubashina.

"Ku duk wasan yara kuka yi. Ni bana uwar ɗakina ta ce in dawo gobe, na ce to. Tana tahiya salla na kwance injin mutane, na zare rumbun ciki na sa aljihu. Na sayo jan farce wajen 'yan koli na maida ma kowace ƙusa ɗigonta. Ku zo ku ga injiniya tana neman abin da ke cikin aljihuna, ina ba ta shayi."

Tsakar gidan ta ɗauka da dariya. Ya tashi tsaye yana kwaikwayon yadda nake danna maɓalli ina leƙen ekran. Ya kwaikwayi muryar direkta. Ya ce, "Kuma ni na cece ta hwa. Da ta buɗe gaban mutumen aka ga wayam, mi za ta ce? Har zakara na ci."

Ina riƙe da kwano a hannu, ruwan wanki na ɗiga a ƙafata. Warin nan na ranar kasuwa ya dawo mini a hanci. Ban ji kunya ba, ban ma ji fushi ba a lokacin. Abin da na ji shi ne an ci amanata, kuma wanda ya ci ɗin shi ne mutumin da nake bar wa makulli. Da ya zare diskin ya dawo da shi da yamma ya ce fanshi kayanki, da na zage shi na biya, da ni ma ina cikin masu dariyar nan. Amma ya zauna a bencina kwana da kwanaki yana kallon ina narkewa. Ya ga malaman nan da jakunkunansu, ya san abin da suka zo da shi, ya bar su suka tsallaka wajensa. Ya ga mai fenti yana shafe layin, daga gindin bedi ana hango allona sarai.

Gwaggo tana dariya har da share ido da gefen zane. Ta hango ni ta ce, "Ɗiyata, kin ga bawanki ya gama da ke bana." Na nemi fuskar babana. Shi ma murmushi yake yi, amma da ya ga idona sai ya daina. Da za mu tafi ya ja ni gefe wajen babur.

"Na ga ranki ya ɓaci. Taubashi ne. Ba a kai shi ƙara, ba a riƙe shi a zuci."

"Baba, sana'ata ya kashe."

"Wasa ne ya yi nisa. Ki bar shi nan Korgom, kar ki tahi da shi gida."

Na tafi da shi gida. Lambar direkta tana cikin wayata, kuma na sha fito da ita in duba. Kira ɗaya ya isa. In faɗa masa injinsa ba abin da ya same shi, ba ni na kasa ba, buɗe shi aka yi sau biyu a bayan idonsa aka mayar da fenti. Mutumin da aka taɓa cuta, mai ɗiga jan farce a kan ƙusoshi, na san abin da zai yi da wannan labarin. Kafin kasuwa ta zagayo, daga Tasawa har Mayahi ba mai sake miƙa wa taubashina ko waya. Shi ke ciyar da gwaggo. Ita ce ta goya ni lokacin da uwata ba ta iya ɗaga kai. A wajen dangi abin wasa ne, a wajen direkta kuwa ba shi da wani suna sai ha'inci, kuma duk wanda na bi a cikinsu sai na rasa wani abu. Ban kira ba. Har yau mutumin nan yana can yana ganin ni ce matar da ta kusa kashe masa inji.

Na ci gaba da buga takardu. Makulli kuwa na koma tafiya da shi gida. Taubashina ya yi ta tsallakowa kamar kullum, yana jefo mini tsiya daga ƙofa, ni kuma kullum sai ya tarar ina da aiki a gabana. Ya ɗauka fushin kwana biyu ne.

Da Cika-ciki ya sake zagayowa, da safe sai ga shi da tsintsiyarsa, yana kaɗa ta a ƙofar shago.

"Uwar ɗakina, wata ya kama. Ga bawanki ya share."

Na tashi daga kan kujera. Na gyara mayafina, na ɗebo ruwa mai sanyi a kofin da nake ba manyan baƙi, na russuna na miƙa masa da hannu biyu.

"Sannunku da zuwa, Malam. Kun kwana lahiya? Ina gajiya? Yaya wajen su gwaggo?"

Ya yi dariya, ya waiga ko akwai mai kallo. "Ke, mi ne ne haka? Marowaciya, yau kuma ruwa ba a roƙa ba?"

"Ku zauna mana, Malam, ga kujera. Ga abin shara nan na tanada tun jiya, kar ku wahala da dawowa."

Na ɗauko ƙullin da na shirya, turmin atamfa na gwaggo da yadin shadda nasa, na ajiye a gabansa a kan benci. Tun muna yara bai taɓa samun shara irin wannan ba, kuma bai taɓa samun ta ranar da ya tambaya ba. Ya dubi ƙullin, ya dube ni. Dariyar ta tsaya masa a fuska ba ta san inda za ta ba.

"Zage ni mana," ya ce a hankali. "Ce mani bawa."

"Wane ni, Malam. Allah shi huci zuciyarku."

Ya daɗe tsaye da kofin a hannu bai sha ba. Sannan ya ajiye shi a kan benci kusa da ƙullin, ya tsallaka gudron ya koma gindin bedi. Tsintsiyar ma a nan ya bar ta, jingine da ƙofa. Na aika masa da ita tare da ƙullin, na ce a gaishe shi da kyau.